Ku Tambayi Malam: Ruwan da ka kora daga ƙofar gidanka, gidan wa ya shiga?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Wannan watan saƙonni sun yi yawa wallahi, har wasu sun fara ƙorafi wai ina son kai ina amsa na 'yan unguwarmu kawai, ku yi haƙuri fili kaɗan aka ba ni ba mujallar gaba ɗaya ba. Na sa tambayar wata ɗaliba a gaba don ita ta fi ba ni aiki.

TAMBAYA: Slm Malam da fatan kana lfy. Ni ɗaliba ce ina aji biyu a jami'a ina karanta jogirafi, malaminmu ya zo mana da wani darasi wai shi sistem, ya cika allo da akwatuna da kibiyoyi wannan ya nuna wancan, wancan ya zagayo ya dawo ya nuna wannan, wlh ban gane komai ba haddacewa kawai na yi don jarrabawa. Ga yayana da yake karanta injiniya kullum cikin yi min tsiya yake wai mu 'yan ɗanɗane ne, mun taɓa tattalin arziki mun taɓa ilimin halittu mun taɓa tarihi amma ba inda muka ci muka ƙoshi. Dan Allah mene ne abin nan a Hausance, kuma yana da wani amfani?
Wata ɗaliba daga Gwale

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki bar allon nan tukuna, shiga tsakar gidanku ki tsaya gaban randa. Mai garuwa ya zo da safe ya juye jarka huɗu, wannan shi ne abin da yake shiga. Ana ɗiba ana girki ana alwala ana wanke-wanke, wani kuma yana tsattsafowa ta jikin randar iska ta kwashe, wanda shi ne ma ya sa ruwan randa yake sanyi, wannan shi ne abin da yake fita. Wanda ya rage a ciki kuma ajiya kenan. To in Umma ta leƙa ta ga ruwa ya yi ƙasa me take yi? Sai ta hau faɗa a rage ɓarna, ta aiki yaro ya kira mai garuwa. Kin ga kenan yawan ruwan da yake cikin randar shi ya koma ya canja yadda ake ɗiba da yadda ake zubawa. Kibiyar nan da ta zagayo ta dawo inda ta fito ta ruɗa ki a allo, ai Umma ce. Ni amsa-kuwwa nake ce mata, abu ya fita ya dawo ya taɓa wanda ya haife shi.

Kuma iri biyu ce. Akwai mai kwantar da abu kamar ta Umma, in ya yi ƙasa ta ɗago shi in ya yi sama ta sauke shi. Akwai kuma mai rura wuta, ki tuna lokacin wahalar mai, wani ya ce gobe ba mai, kowa ya ruga gidan mai da jarkoki ya sayi wanda ba ya buƙata, man ya ƙare da gaske, mai jita-jita ya ce ba na gaya muku ba, sai layi ya ƙara tsawo. Shikenan fa darasin sistem, wato tsari a Hausance, abin da yake shiga da inda yake taruwa da abin da yake fita da abin da yake dawowa, sai kuma jinkiri, don wani abin yau za ki yi shi amma sai bayan shekara goma zai amsa miki. Ki cire randa ki sa kogi, ko kasuwar Dawanau, ko garin Kano kacokan, tambayoyin ba su canja ba.

Asalin tunanin ba ma daga jogirafi ya fito ba. Wani masanin halittu ne ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Ludwig von Bertalanffy ya dage a kan cewa ba a gane abu mai rai ta hanyar rarraba shi gunduwa-gunduwa kawai, ya tattara ra'ayinsa a littafi a 1968. In na sa maganar a bakin mahauci, misalin nawa ne ba nasa ba, ka fede akuya ka jera hanta da huhu da tumbi a faranti, ka san kayan cikin akuya amma akuyar ta tafi, don rayuwarta tana cikin yadda waɗannan suke aiki da juna ne. Wani Bature ɗan Ingila Richard Chorley shi ya jawo abin cikin jogirafi a 1962, ya ce a dinga kallon kogi da kwarinsa a matsayin tsari buɗaɗɗe da ruwa da yashi suke shiga suna fita, daga baya shi da Barbara Kennedy suka yi littafi guda a kai a 1971. A Amurka kuma wani injiniya Jay Forrester ya zuba birni guda cikin kwamfuta a 1969, gidaje da ayyukan yi da mutane, yana gwada abin da zai faru in an taɓa ɗaya. Ki gaya wa yayanki wannan ɗin ɗan gidansu ne.

Amma wanda nake so ki riƙe sunansa shi ne Farfesa Akin Mabogunje, Bayarabe ne amma a nan Kano aka haife shi a 1931, ya koyar a Jami'ar Ibadan, shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar masana jogirafi ta duniya a 1980, ya rasu a 2022. A 1970 ya yi wani rubutu a kan ƙaura daga ƙauye zuwa birni wanda har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Kafin nan bayanin da aka fi yi guda ne, talauci ya koro mutum birni ya jawo shi, an gama. Shi kuma ya ce a'a, a duba wa yake ba saurayi izinin tafiya ko ya hana shi a gida, a duba wa yake karɓarsa a birni ya samar masa wurin kwana da abin yi, sannan uwa uba a duba labarin da yake komawa ƙauye. Mu da muka san cirani ai wannan a tafin hannunmu yake. Yaro ya zo bayan an gama girbi, ɗan garinsu ya sauke shi a shagon da suke kwana su takwas ya karɓo masa hayar kura, ya tura ruwa wata biyar, ya koma gida da waya da sabuwar shadda da kuɗin taki. Baɗi samari biyar za su biyo shi, kuma unguwar da ya sauka nan za su sauka, sana'ar da ya yi ita za su yi, shi ya sa za ki ga mutanen gari guda sun riƙe sana'a guda a unguwa guda kamar gado. Ranar da masu kura suka yi yawa ciniki ya ja baya, labarin ma zai koma gida, sai masu zuwa su ragu ko su canja gari. Mai rura wuta da mai kwantarwa duk a labari ɗaya.

Akwai kuma Michael Mortimore, Bature ne da ya koyar a Zariya tun 1962 ya dawo Jami'ar Bayero a 1979. Shi abin da ya ɗaure masa kai karkarar da ta kewaye Kano ce, mutane cunkus, gona ana nomata kowace shekara ba hutu, amma ƙasa ba ta mutu ba kamar yadda littattafan Turawa suka ce dole ta mutu. Da ya bi diddigi sai ya ga sarƙa ce, gona ta ba da gero da dawa da wake, kara da harawa su tafi wurin tumaki da awaki da aka ɗaure a turke, takinsu ya dawo gona, jakuna su kai itace da hatsi birni su dawo da mangala cike da shara da toka a zuba a gona. Masanin ƙasar noma shi kaɗai ba zai ga jakin ba, masanin kasuwa shi kaɗai ba zai ga takin ba. Yanzu kuma sharar tamu rabinta leda ce, ki je gonakin bakin gari da rani ki gani tana ta filfilwa a jikin kututturen kara.

Zancen yayanki kuwa yana da gaskiya ta wani ɓangare, kar ki ji haushi. Shi zai iya zana magudanar ruwa mai kyau, amma wa zai gaya masa inda gidaje za su kai nan da shekara goma, da dalilin da ya sa ake tura almajiri ya juye shara a kwata da daddare, wato ba bola a kusa? Abin da ya haɗa likita da injiniya da ɗan kasuwa da mai unguwa shi ne duk a wuri guda matsalarsu take faruwa, wurin nan kuwa shi ne sana'arku. Sai dai ki ci ki ƙoshi a abu guda, ko zanen taswira da kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam, ko ƙididdiga, ko ilimin ruwa. Mai akwatuna da kibiyoyi da ba ya iya sa lamba a kan ko ɗaya, gaskiya ɗan ɗanɗane ne.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne jikana ne yake rubuta min. Shekarata sama da arba'in a gidana a cikin gari ruwa bai taɓa shigo min ba sai 'yan shekarun nan, tun da aka cike kududdufin bayan layinmu aka yi shaguna. Maƙwabta sun ɗaga dakalinsu nima na ɗaga nawa amma bara har ɗaki ya shiga. Abin mamaki kuma rijiyata da ba ta taɓa ƙafewa ba yanzu kafin bazara ta ƙafe. Ya za a yi ruwa ya yi mana yawa a waje kuma babu shi a rijiya?
Wani dattijo daga cikin badala

AMSA: Baba Allah ya ja kwana, ya mayar da alherin abin da ruwa ya ɓata. Ai ruwan da ya shigar maka ɗaki shi ne wanda ya kamata ya kasance a rijiyarka, hanya aka toshe masa ya canja gida.

Ka fi ni sanin yadda kududdufan nan suka samu, ƙasa aka haƙa aka yi tubali aka gina gidaje da ganuwa, wadda tarihi ya ce tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, ramin ya zauna a nan. Wato kowace unguwa da ta tashi ta haƙa wa kanta randa ba tare da ta yi niyya ba. In an yi ruwa sai ya gangara can ya kwanta, a hankali yana nitsewa cikin ƙasa wata da watanni, rijiyoyin kewaye suna sha. Kano kuma a kan dutse take zaune, Dala da Goron Dutse ai shaida ne, ruwan ƙarƙashinmu yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da yake sama-sama da tsagogin da suke cikinsa, ba wani teku ba ne a ƙasa, abin da damina ta zuba shi muke ci.

Bari mu yi lissafi Baba. Ruwan sama milimita 1 in ya sauka a kan fili mai mita 1 tsawo mita 1 faɗi lita 1 ne cif. Fili mai ƙafa 50 sau 50 ya kai murabba'in mita 232. In aka kwana ana ruwa irin na watan Agusta aka samu milimita 50, wannan ɗan filin kaɗai ya karɓi lita 11,600, jarka mai lita 25 sama da 460, in kurar mai garuwa tana ɗaukar jarka 12 kura kusan 39 kenan a dare ɗaya a gida ɗaya. Da can tsakar gida ƙasa ce, lungu ƙasa ne, wani kaso ya nitse sauran ya tafi kududdufi. Yanzu rufin kwano, tsakar gida siminti ko tayil, ƙofar gida intalok, kududdufi ya zama shaguna, to kura 39 ɗin nan sau gidajen layinku ina za su? Sai kwata, kwatar da aka yi ta don ruwan wanke-wanke.

Ga kuma inda abin yake cin kansa. Ruwa bai nitse ba rijiya ta ƙafe, mai hali ya kira masu injin ya haƙa burtsatse mai zurfi, ya ƙara janye ɗan abin da ya rage rijiyoyin maƙwabta suka ƙarasa mutuwa, kowa ya koma sayen garuwa da fiya wata, ledar fiya wata ta tafi kwata ta toshe ta, ruwa ya yi ambaliya, mutane suka ce laka ta ishe mu suka ƙara malala siminti, baɗi abin da zai nitse ya ƙara raguwa. Ba wanda ya yi mugunta a cikinsu fa, kowa gyaran gidansa ya yi. Ɗaga dakalin ma haka ne, ka ɗaga na ɗaga, ruwan bai ragu da cokali ɗaya ba, gidan wanda ba shi da kuɗin bulo yake tafiya, yawanci gidan marayu ko na wata tsohuwa a ƙarshen lungu. Ko manyan 'yan kasuwa ba su tsira ba, ka tuna yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya jiƙa atamfofi da shaddodi na maƙudan kuɗi.

Ba na cewa kududdufi aljanna ne, sauro yana nan, wari yana nan, yara sun sha faɗawa ciki Allah ya jiƙansu, kuma inda aka haƙa masai kusa da rijiya ruwan da yake nitsewar ma shi yake kawo amai da gudawa. Amma garin gyaran gira aka rasa ido, katange shi ya kamata a yi a hana zuba shara. Abin da zan ba ka shawara, wannan ba aikin gida ɗaya ba ne, ku zauna da mai unguwa da liman a bi ruwan da ƙafa ranar da ake yin sa a ga daidai inda yake tsayawa, a yashe kwata daga ƙasa zuwa sama ba daga sama zuwa ƙasa ba, in ba haka ba kun tura wa na ƙasanku ne kawai. Wanda bai riga ya shafe tsakar gidansa ba ya bar wani gefe ƙasa ko ya zuba tsakuwa, mai hali ya sa indararo ya tara na rufi a tanki. In akwai sauran kududdufi a unguwar ku riƙe shi da haƙori.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan Haɗeja ne ina harkar hatsi a Dawanau. Mahaifina kullum cewa yake tun da aka yi dam a Kano fadamarmu ta lalace kachalla ta cinye ko'ina, ni kuma ina ganin dam ɗin ai ruwa yake riƙewa, ita kuma kachalla ruwa take so, to ya za a yi riƙe ruwa ya kawo ciyawar ruwa? Ko dai zancen tsofaffi ne?
Wani matashi daga Dawanau

AMSA: Ɗan'uwa ka je ka ba Baba haƙuri, ya fi ka gaskiya. An gama dam ɗin Tiga a kan kogin Kano a 1974, aikin da aka faro zamanin Gwamna Audu Baƙo, na Challawa da yake wajen Ƙaraye kuma a 1992. Kogunan nan biyu su suke haɗuwa su wuce Wudil su zama kogin Haɗeja, ya je ya tarar da na Jama'are a fadamun Haɗeja da Nguru, daga nan ruwan ya bi ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi.

Abin da dam ya canja ba yawan ruwa kaɗai ba ne, lokacinsa ya canja. Da can kogin yana da numfashi biyu, da damina ya cika ya tumbatsa da ƙarfi ya share yashi da laka daga hanyarsa ya malale fadama, a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa, in ruwa ya ja a bi danshin a shuka wake da sauransu, Fulani su sauko da shanu, da rani kuma ya bushe ƙaƙas. Wannan bushewar ita take kashe kachalla. Da aka yi dam sai babbar ambaliya mai share hanya ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan har da rani saboda noman rani da ruwan shan birni. Ruwa marar zurfi marar gudu da ba ya ƙafewa duk shekara, ai ka yi wa kachalla shimfiɗa kenan. Ta fito ta rage gudun ruwa, laka ta kwanta, kachalla ta ƙara samun wurin kafa saiwa, hanya ta toshe ruwa ya karkata, sai ka ga wani gari gonakinsu sun nitse shekara da shekaru wani garin kuma ko ɗigo ba ya isa. A cikin kachallar kuma tsuntsun nan jan-baki yake kwana ya fito da safe ya sauka a kan gero da shinkafa, ga sauro ga katantanwar da take ɗauke da tsargiya.

Kar kuma ka koma gida ka ce dam sharri ne. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da ake lodawa a Kwanar Gafan, da ruwan famfon da ake tacewa a Tamburawa, duk albarkar ruwan nan ne, kai kanka wani buhun da kake sayarwa daga can ya fito. Matsalar inda aka ja layi ce lokacin lissafin riba, in ka tsayar da lissafinka a Kadawa aikin riba ne zalla, in ka miƙa shi har Nguru ka sa kifi da kiwo da noman fadama a ciki sai ka ga wani abin da aka ci a sama daga kwanon na ƙasa aka ɗebo shi. Abin dariyar ma lokacin da aka gina Tiga Haɗeja a cikin jihar Kano take, sai 1991 aka yanke Jigawa, yanzu kogi ɗaya ya ratsa Kano da Jigawa da Yobe kowa da gwamnansa da ma'aikatarsa. Masana sun daɗe suna ba da shawarar a dinga sakin ruwa mai yawa a lokacin damina da gangan don a kwaikwayi tsohuwar ambaliya, a kuma bar wasu hanyoyin su bushe da rani, yankan kachalla da injin kaɗai aski ne, tana tsirowa.

TAMBAYA: Malam an hana acaɓa don a samu sauƙi, yanzu kuma adaidaita ta cika titi ko'ina go-sulo. Ina mafita?
Wani direba daga Hotoro

AMSA: Direba sannu da fama. Adaidaita ta shigo ne a 2005 zamanin Malam Shekarau don ɗaukar mata, da aka hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013 saboda tsaro sai ta gaje kasuwar gaba ɗaya. An cire babur amma mutanen da suke son zuwa Sabon Gari da Kwari da asibiti kowace safiya suna nan, samarin da suke neman na abinci suna nan, masu kuɗin da suke saya su ba da haya a dinga kawo musu balas suna nan. In aka hana adaidaita gobe ba tare da manyan motocin haya masu tsari ba wani abin ne zai fito ya cike gurbin, ƙila ma ka fi tsanarsa.

TAMBAYA: Malam ka yi haƙuri ni ban yarda da wannan ilimin ba. Ni malamin sakandare ne ina koyar da jogirafi shekara 15. Duk wannan dogon turanci ne kawai na cewa komai yana da alaƙa da komai, wanda kakata ma ta sani. Kuma ina ganin mafaka ce ga masu laifi, in an tambayi wa ya sayar da filin kududdufi sai a ce ai matsalar tsari ce mai sarƙaƙiya, kowa ya wanke hannunsa.
Wani malami daga Kurna

AMSA: Malam abokin aiki, wallahi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, kuma ba kai ka fara wannan sukar ba, tun shekarun 1970 wasu masana jogirafi suka ce zanen akwatunan nan yana nuna ruwa da kuɗi suna yawo kamar ba hannun kowa a ciki, ba ya nuna wa yake da iko wa aka danne. Na yarda da rabin maganarka. Kududdufi ba shi ya cike kansa ba, wani ya sa hannu a takarda wani ya karɓi kuɗi, duk zanen da bai sa wannan akwatin ba zanen ƙarya ne. Ni ina ganin ma in an yi aikin tsakani da Allah tona asiri yake, don shi zai nuna maka shagon na wane ne, ɗakin da ruwa ya shiga kuma na wane ne.

Inda muka rabu shi ne zancen komai da komai. Kakarka ta san akwai alaƙa, Allah ya ƙara mata lafiya, amma aikin shi ne a gane wace igiya ce mai kauri wacce ce zare, kuma bayan shekara nawa take ja. Ka ɗauki farin da aka yi a 1973 da na 1984. A 1975 wani masanin yanayi Jule Charney ya kawo bayanin cewa in kiwo da sare itace suka tsiraita ƙasa, farar ƙasa tana mayar da hasken rana sama, hakan ya rage haɗuwar hadari, ciyawa ta ƙara mutuwa. Zagaye ne mai kyau a takarda, aka yi shekaru ana ɗora wa makiyayi da manomi laifin fari. Daga baya binciken da aka yi da bayanan yanayi, har da wani sananne a 2003, ya nuna babbar igiyar tana can cikin teku, ɗumi da sanyin ruwan tekuna shi ya fi juya daminar yankinmu, abin da ake yi wa ƙasa ƙari ne a kai. Alaƙar farko ba ƙarya ba ce, siririya ce aka ɗauke ta a matsayin mai kauri, kuma talaka ne ya sha zagi a tsakani. Wannan ba a gane shi da hikimar zaure, sai an auna.

Tunda aji kake da shi ga abin da ni na taɓa yi da ɗalibaina, kuma ya fi duk wani zanen allo da na yi musu. Washegarin ruwa mai ƙarfi na fita da su daga ƙofar makaranta muka bi kwata da ƙafa, kowa da littafi, ana rubuta inda ta faɗaɗa da inda ta tsuke da inda aka gina shago a kanta da abin da ya toshe ta, muna tambayar masu shaguna ina ruwa ya kai jiya su nuna mana alamar laka a bango mu auna da rula. Wata yarinya ce ma ta lura duk inda mai shayi ko mai fiya wata yake nan kwatar ta fi cikewa, wani yaro ya ce to ai ba kwandon shara ko ɗaya tun daga makaranta, muka ƙirga kuwa babu. Ku a Kurna ku bi naku ku ga inda zai kai ku, mu dai namu Jakara ya nufa, wadda take kwashe ruwan cikin gari ta haɗu da Getsi mai ɗauko na masana'antun Bompai su tafi dam ɗin Wasai a Minjibir, a hanya kuma masu lambu suna jan ruwan da injin suna ban ruwan latas da kabeji da alayyafo. Da na gaya musu salak ɗin da ake sayarwa a bakin titi da azumi wani daga nan yake, ajin ya yi tsit. Ka nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye tukuna, kuma ka ce kowa ya zo da takalmin roba.